Wa Ke Gadin Tukunya Sa'ad Da Muke Sujada?

Duk inda Kiristocin Arewa suka zauna ana maganar halin da yara ke ciki a ƙasar nan, ba a daɗewa sai an ambaci almajiri. A zauren WhatsApp na ikilisiya haka ne, a taron matasa haka ne, wani lokaci har daga kan bagadi. Sai mu kaɗa kai mu ce, ta yaya mutum zai haifi ɗa ya tura shi wani gari da robar bara a hannu? Tambayar tana kan hanya, kuma malamai da marubuta Musulmi sun daɗe suna yi wa junansu ita da zafin da ya fi namu. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tudun da muke tsaye a kai muna hangen almajiri shi ne 'yar aiki: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta ƙare a kicin ɗin dattijon ikilisiya, ko na shugabar zumuntar mata, ko na ma'aikacin bankin da ba ya fashin zakka.

Maganata ɗaya ce, zan kuma faɗe ta tun daga farko don mai yin fushi ya yi da wuri. Ikilisiyar da ba ta san yara nawa ke aikatau a gidajen membobinta ba, ba ta san ko suna makaranta ba, ba ta san inda suke kwana ba, ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi a kan yara. Na san 'yan aikatau sun cika gidajen Musulmi ma, daga Kano har Abuja, kuma mai karatu Musulmi zai tsinci nasa a ciki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da 'yan gidanmu nake.

Kowa ya san yadda ake yi. Madam ta haihu, hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, sai ta buga waya gida, ko ta raɗa wa wata a bakin majami'a bayan an tashi: "Don Allah a nemo mini yarinya, ƙarama, wadda idonta bai buɗe ba." A lura da sharuɗɗan nan biyu. Ƙarama, domin babba za ta nemi albashi. Wadda idonta bai buɗe ba, domin wadda ta san hanyar tasha tana iya guduwa. A can ƙauye akwai mai haɗawa. Wani lokaci dillaliya ce da za ta riƙa karɓar kuɗin wata a madadin yarinyar, wani lokaci gwaggo ce, wani lokaci ma mai bishara ne da ya ɗauka alheri yake ƙullawa. A gaya wa uwar, wadda sau da yawa gwauruwa ce, cewa za a sa 'yarta a makaranta a birni. Ba takarda, ba shaida, ba ranar dawowa. A zuba wa yarinya kayanta a leda, a yi addu'a, a sa ta a mota.

Ka tambayi 'yar aiki a Rayfield, ko Barnawa, ko Karu, ko Lugbe, ina ne garinsu. Sau da yawa sunan da za ta faɗa ka taɓa jin sa a labarai. Mangu, inda rikicin 2023 ya tashi ƙauyuka da dama. Bokkos da Barikin Ladi, inda aka kashe fiye da mutum 100 a jajibirin Kirsimetin wannan shekarar. Kajuru da Zangon Kataf. Guma ta jihar Binuwai, inda iyalai suka yi shekaru a sansanin Daudu. Gwoza, wadda mutanenta ke zaune a rumfunan Durumi da Kuchingoro a Abuja tun bayan da Boko Haram ta kama garin a 2014. Kowane hari yana barin gwauraye da marayu, kowace marainiya kuma ma'aikaciya ce mai arha. Mun yi azumi da addu'a saboda waɗannan garuruwa, mun sa baƙaƙen kaya mun fita zanga-zanga, mun gaya wa duniya ana kashe mu. Muna dawowa gida muka aika a kawo mana 'yar mamacin ta wanke mana banɗaki. Ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Ranarta kan fara kafin gari ya waye. Ta ɗora ruwan wanka, ta yi shara da wanke-wanke, ta shirya yaran gida, ta ɗauki jakunkunansu ta raka su bakin motar makarantar da ita ba za ta shiga ba. In an yi dace gidan na masu ɗan tsoron Allah ne, akan bar ta ta je makarantar gwamnati da ke bayan layi, ta isa an ci rabin darasi, ta yi gyangyaɗi a sauran rabin. Ta faɗi jarrabawa a ce, "Ai mun gwada, kanta ba ya ja." Ana cin abinci a tebur, ita tana cin ragowa a tsaye a kicin. Ita ce ƙarshen kwanciya, a tabarma, a sito ko a ƙasan ɗakin yara. Daga biyar na asuba zuwa goma na dare awa 17 ke nan. Babu ƙaton da zai yarda da irin wannan aiki ko da ana biyansa, ita kuwa shekararta goma sha ɗaya.

Ranar Lahadi abin ya fi ban takaici. Ko dai a bar ta gadin tukunya don a dawo a tarar da shinkafa ta nuna, ko ta zo sujada da goyo a baya, tana zagaya bayan majami'a tana jijjiga shi don kada kukansa ya hana madam jin wa'azi. Tsararrakinta suna makarantar Lahadi suna haddace aya. Babu wanda ba zai iya nuna ta ba in iyalin suna shigowa: yara uku da anko da takalma masu ƙyalli, ta huɗun da silifas da rigar da ta yi mata yawa, tana riƙe da jakar kowa. Masu tarbar baƙi sun gan ta, mawaƙa sun gan ta, fasto ya gan ta daga kan bagadi. Mun daɗe muna ganinta har idanunmu sun saba tsallake ta.

Kada wani ya ce gidaje biyu ko uku na gani nake yi wa kowa kuɗin goro. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022 ya nuna yara fiye da miliyan 24 'yan shekara 5 zuwa 17, wato kashi 39 cikin ɗari, suna aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2012 ya ce yara miliyan 17.2 ke aikin gida a gidajen da ba na iyayensu ba a faɗin duniya, kusan biyu cikin uku mata ne. Doka kuma ba ta yi shiru ba. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsa, jihar Filato ta amince da tata a 2005, Kaduna a 2018. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙo ya tabbata yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta ce wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Ke nan akwai masu zama a bencin gaba kowace Lahadi waɗanda, in za a bi doka sau da ƙafa, gidan yari ne mazauninsu. Da yawansu sun san haka, shi ya sa in baƙo ya tambaya sukan yi wuf su ce, "'Yar ƙanwata ce."

Na san amsoshin da za a ba ni, domin ana ba da su kullum. Ta farko ita ce riƙo al'adarmu ce. Haka ne, kuma al'ada ce mai daraja. Likitoci da malamai da fastoci da yawa a gidan kawu ko gwaggo suka yi karatu. Sun yi shara, sun ɗebo ruwa, har gobe kuma suna sa wa masu riƙonsu albarka. A ƙasar da hukuma ba ta tanadi komai don maraya ba, riƙo ne bangon da talaka ke jingina. Ban zo rushe shi ba. Na zo ne in ce an saci sunansa an lulluɓe wani abu dabam. Riƙo yana da alamomi. 'Yar riƙo tana aiki tare da 'ya'yan gida, ana raba musu shi daidai shekarunsu. Tukunyarsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, makarantarsu ɗaya ko mai kama da ita. Tana da damar yin magana da uwarta, tana zuwa gida da hutu. Wanda yake shakkar wace iri ce a gidansa, ga gwaji mai sauƙi: in ta kwanta ciwo wata uku ba ta iya ɗaga tsintsiya, me zai faru? 'Yar riƙo asibiti ake kai ta. 'Yar aiki tasha ake kai ta, a aika a kawo wata.

Amsa ta biyu: "Da tana ƙauye da yunwa ta kashe ta, taimakonta muke yi." To, mu yi lissafi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne a wata. Mu ɗauke shi ma'auni kawai, mu ma raba shi biyu don kada a ce na tsananta: naira 35,000. Yarinyar da ta yi shekara uku tana raino da girki da wanki da shara ta yi aikin naira 1,260,000. A cire ragowar abincin da ta ci, da gwanjon da aka saya mata da Kirsimeti, da buhun masarar da aka aika wa uwarta sau ɗaya. Wa ya taimaki wa? Raino da ta yi ne ya sa madam ta riƙe aikinta, ta samu ƙarin girma, ta biya wa 'ya'yanta makarantar kuɗi. Ita kuma ta cika shekara goma sha shida ba ta iya karanta takardar asibiti ba, ba sana'a, ba jari. A wannan ciniki talaka ne ya tallafi mai hali. Yunwar da ke gidansu gaskiya ce, amma yunwar mutum ba ta halatta maka guminsa. Ita ce ma ta sa hakkinsa ya fi nauyi, domin ba shi da bakin cewa a'a.

Amsa ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba zan raina ta ba: "Ina aiki, mijina na aiki, albashi bai kai ya kawo ba, gidan raino tsada, wa zai riƙe mini jariri?" Wannan matsala ce ta gaske. Amma a duba wanda aka ɗora wa ita. Manya biyu masu digiri sun kasa warware ta, sai suka sauke ta a kan yarinya 'yar shekara goma. A nan kuma dole in juya ga maza, domin mun saba ɗora wa madam laifin duka. Maigidan da bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba, wanda bai taɓa yi wa ɗansa wanka ba, wanda 'ya'yansa maza ke kallon ƙwallo wata 'yar mutane na wanke musu safa, shi ne ya buɗe gurbin da yarinyar ta cike. Akwai mafita in ana so. Ana iya ɗaukar babbar mace ta zo da safe ta tafi da yamma a biya ta. Ana iya raba aiki tsakanin 'yan gida. Ɗakunan makarantar Lahadi a majami'u da yawa a kulle suke daga Litinin zuwa Juma'a. Me zai hana su zama gidan raino mai sauƙin kuɗi, a ɗauki gwauraye aiki a biya su? Ka ba uwar aiki, 'yar ta zauna a aji.

Akwai kuma masu cewa, "Ba ka san yaran nan ba ne. Ɓarayi ne, ga ƙarya, ga taurin kai." Yaron da yake jin yunwa a gidan da firji ke cike zai ɗauki nama. Yaron da ake duka in ya faɗi gaskiya zai koyi ƙarya. Wanda ya ga an kashe ubansa a gabansa zai yi fitsarin kwance, zai yi firgita cikin dare, zai zauna shiru yana kallon bango. Maimakon a gane ciwo ne, sai a ce mayya ce, ita ta sa kasuwa ta tsaya, ita ta sa jariri zazzaɓi. A kai ta gidan addu'a a hana ta abinci kwana uku, a tsare ta da bulala har ta amsa abin da ba ta san ma'anarsa ba. Duk mai kiran kansa bawan Allah da ya ɗora wa marainiya maita don ya burge mai ba da baiko, ya sani ya sayar da bagadinsa.

Amsa ta ƙarshe ita ce wadda ake rufe bakin kowa da ita: "Yanzu ne lokacin wannan magana? Ana kashe mu, kai kuma kana tona mana asiri a gaban waɗanda ba namu ba." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asirin ma a tone yake, maƙwabta na jin kukan ta katanga. Kuma saboda ana kashe mu ne maganar ta zama ta gaggawa, tun da kashe-kashen ne ke ƙara yawan yaran. Al'ummar da ta ce ana zaluntarta, sannan ta juya ta ci gumin marayun da zaluncin ya bari, ta raunana ƙararta da hannunta.

Abin mamaki, Littafin da muke riƙewa mu tafi sujada cike yake da 'yan aiki, kuma kullum ana nuna mana gefen da Allah yake. A Farawa sura 16, Hajaratu baiwa ce Bamasariya a gidan Ibrahim, gidan alkawari, gidan masu bangaskiya. Uwargijiyarta ta ƙuntata mata har ta gudu jeji. Ka karanta surar a hankali: masu gidan ba su kira ta da sunanta ba ko sau ɗaya, baiwa kawai suke cewa. Mala'ikan Ubangiji ne ya same ta a bakin ruwa ya kira ta da suna, ita kuma ta shaida cewa Allah mai ganinta ne. A Sarakuna na biyu sura 5, yarinyar da mahara suka sato daga ƙasarsu suka kai gidan Na'aman, ita ce ta san inda maganin kuturtar maigidan yake. Ba a ma rubuta sunanta ba, amma ba don ita ba da jarumin Suriya ya mutu kuturu. A Ayyukan Manzanni sura 12, ikilisiya ta taru tana addu'a a saki Bitrus daga kurkuku. 'Yar aikin gidan, Roda, ita ta ji ƙwanƙwasa ƙofa ta gane muryarsa. Da ta faɗa, manyan masu addu'a suka ce ta haukace. Ita ce mai gaskiya. Har yau ba mu daina ce wa Roda mahaukaciya ba.

Shari'ar ma ba ta bar mana mafaka ba. Dokar hutun Asabar a Maimaitawar Shari'a sura 5 ta ambaci bawa da baiwa, ta ce su huta kamar yadda maigida ke hutawa, ta kuma ba da dalili: ku ma kun yi bauta a Masar. Sura 24 ta ce a biya talakan ma'aikaci ladansa kafin rana ta faɗi, ɗan'uwa ne ko baƙo. Fitowa sura 22 ta yi kashedi mai ban tsoro ga mai cutar gwauruwa da maraya. Wasiƙar Yakubu ta auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye, ta kuma ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Yesu da kansa, a Markus sura 10, ya ji haushin almajiransa da suka tare yara daga zuwa wurinsa, a Matiyu sura 18 kuma ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a jefa shi teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe. Yaushe rabon da ka ji an yi wa'azin ɗaya daga cikin waɗannan ayoyi, aka ambaci kicin?

Mun kuma manta asalinmu. Samuel Ajayi Crowther yaro ne da aka kama bawa a 1821, aka 'yanto shi daga jirgin bayi a 1822, aka sa shi makaranta, ya zama bishop a 1864. A 1909 mishan ɗin SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, bakin kogin Binuwai, ta karɓi yaran da gwamnatin mulkin mallaka ta tara a Zungeru, ta koya musu karatu da sana'a. A Garkida, inda mishan ɗin 'Yan'uwa ta sauka a 1923, kutare na cikin waɗanda aka fara buɗe wa ƙofa. A Gindiri an buɗe wa makafi makaranta. Da yawa daga cikin masu bi na farko a Arewa boyi-boyi ne a gidajen Turawan mishan. Turawan nan suna da nasu laifuffukan, amma yaron da ke dafa musu shayi sukan zaunar da shi su koya masa a, ba, ca, kuma daga cikin irin waɗannan yara aka samu malamai da masu bishara na farko. Ikilisiyar Arewa daga bayi da kutare da makafi da 'yan aiki ta tsiro. Jikokinsu ne yau suke hana 'yar aiki littafi.

Saura abin da ba a son faɗa. Yarinyar da ke kwana a falo, ba ƙofa, ba uwa, ba waya, ba wanda zai yarda da maganarta, bakin rijiya aka ajiye ta. A watan Oktoba na 2018 wata 'yar shekara 13 ta rasu a Binuwai, jihar da mafi yawan mutanenta Kirista ne. Tun tana ƙarama aka kai ta gidan dangi don ta yi makaranta. Kafin ta rasu ta bayyana cewa an yi shekaru ana yi mata fyaɗe a gidan, ta kuma kamu da yoyon fitsari. A 2022 kotun jiha ta sallami maigidan, kotun tarayya a Makurɗi kuma ta ɗaure matar gidan wata biyar saboda sakaci. Ƙasa ta girgiza domin wannan ta mutu kuma labarinta ya fita. Waɗanda ba su mutu ba mun san yadda ake yi da su. Ciki ya bayyana, a kira dattawa biyu a ce mu rufa wa juna asiri, kada sunan Ubangiji ya ɓaci. A ba ta kuɗin mota a mai da ita ƙauye, can ikilisiyar garinsu ta sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya. Wanda ya yi mata cikin yana nan yana karɓar jibin Ubangiji. Fyaɗe laifi ne da ke hannun 'yan sanda da kotu. Majalisar dattawan da ta sasanta shi a ofishin fasto ta zama abokiyar laifin.

To me za a yi? Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abu na farko da aikin ke koya wa mutum shi ne, duk abin da ba a buɗe wa gurbi a rumbun bayanai ba, tsarin ba zai taɓa ganinsa ba, ko da yana tsaye a gabansa. Ikilisiyoyinmu gwanaye ne wajen rubutu. Akwai littafin membobi, na baftisma, na aure, na jana'iza, katin zakka kuwa ba a wasa da shi. Babu ko ɗaya mai gurbin yaron da ke zaune a gidan memba amma ba ɗansa ba ne. Ta fita daga lissafin ikilisiyar ƙauye, ba ta shiga na birni ba. Gyaran wannan ba ya bukatar kwamfuta, littafin rubutu guda ya isa. A rubuta sunanta na gaskiya, shekarunta, garinsu, sunan iyayenta da lambar da za a same su, makarantarta da ajinta, alkawarin da aka yi wa iyayen, da ranar da ta je gida ta ƙarshe. Littafin ya zauna a hannun fasto da mata biyu amintattu, a sabunta shi kowane zangon karatu, a nemi ganin sakamakon jarrabawa da ido.

Zumuntar mata ce ta fi kowa iya wannan aiki. Babu ƙungiya a ikilisiya mai tsari da shiga gida-gida kamarta. Matan da suka san wadda ta haihu, da wadda ba ta zo taro ba, da wadda ba ta biya kuɗin anko ba, sun san gidan da ake dukan yarinya. In sun je ziyara su ce a kira ta, su zauna da ita ita kaɗai, su tambaye ta da harshen garinsu. Majalisar dattawa kuma ta tuna cewa Timoti na fari sura 3 ya sa yadda mutum ke riƙe da gidansa cikin sharuɗɗan shugabanci. Wanda ke da yaro a gidansa ba ya makaranta, kada a tsayar da shi zaɓen dattijo, kada a ba ta shugabancin mata, komai yawan abin da suka bayar a ginin majami'a. Fastocin ƙauye su daina sa albarka a kan tafiyar da ba takarda: kafin yarinya ta hau mota, a rubuta alkawari, a sa hannu, a aika wa faston garin da za ta. Ƙasa da shekara 12 kuwa babu zancen aiki sam, doka ta riga ta yanke. Ikilisiyoyin da suka iya gina jami'a, Bingham a Karu da Karl Kumm a Vom, da ɗaruruwan makarantun firamare da sakandare, ba za su ce kujera biyu kyauta a kowane aji don marayun rikici ta fi ƙarfinsu ba. In kuma an ga tabon wuta ko na wayar lantarki a jikin yaro, ofishin NAPTIP ko na jin daɗin jama'a za a nufa, addu'a ta biyo baya.

Matasa masu riƙe da waya, ku ma da ku nake. Yawancinku kun tashi a gidan da wata ke wanke muku kwano. Kun san sunan garinsu? Kun san ajin da ta tsaya? Wanda ya iya rubuta dogon sharhi a Facebook kan zaluncin gwamnati zai iya wanke kwanonsa, ya zauna da ita rabin awa da littafin karatu, ya kuma ce wa mahaifiyarsa cikin ladabi, "Mama, wannan bai dace ba."

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, ba sai an jira taron majalisa ba. Uwar yarinyar nan amana ta ba ku, da sunan Yesu kuka karɓa, an yi addu'a a kai. In za ku iya riƙe ta kamar 'ya, ku riƙe ta: ku sa ta a makaranta a wannan zangon, ku ba ta katifa da ƙofa mai sakata, ku kira uwarta ku miƙa mata wayar ku ba su wuri. In ba za ku iya ba, ku lissafa abin da ta yi muku, ku biya ta, ku mai da ita gida da mutunci, ku ɗauki nauyin karatunta a can. Lahadi mai zuwa, kafin a tayar da mota, a ƙirga yaran gidan. In akwai wadda aka bari gadin tukunya, a kashe wutar a tafi da ita. Shinkafa ta jira.